Jami'o'in Amurka na zawarcin ɗan ƙanina saboda ƙwallo: wane tayi ya kamata mu karɓa?

Baffan Sadik, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙwallon Amurka, wato wasan nan mai kama da zari-ruga da ake yi da hular kwano da sulke a kafaɗa. Ƙanina ya rasu a birnin Houston na jihar Texas, ya bar yara uku a hannun mahaifiyarsu, kuma babbansu, Sadik, shi ne dalilin wannan rubutu. A can aka haife shi, shekararsa 17, yana gab da kammala aji na 11, wanda ya yi daidai da SS2 a wajenmu. Mahaifiyarsa ta ce ba za ta yanke hukunci a kan makomarsa ba sai da yawun dangin ubansa, ni kuwa ni ne babba a ɗakinmu, shi ya sa nauyin ya faɗo a wuyana.

Yaron yana buga wa makarantarsu wasa a layin baya na masu tsaro, ta gefen fili, inda aikinsa shi ne hana ɗan wasan ɗaya ɓangaren karɓar ƙwallon da aka jefo masa. Ya turo mini bidiyonsa na minti huɗu. Za a gan shi ya ɗan rusuna a gaban abokin karawarsa, da an fara wasa sai ya riƙa ja da baya da sauri idonsa na kan yaron, can sai ya murɗa jiki ya bi shi kafaɗa da kafaɗa, ya miƙa hannu ɗaya ya kaɗe ƙwallon kafin ta sauka. A wurare biyu ma shi ya cafe ta, 'yan kallo suka kaure da ihu. Tsawonsa ƙafa 6, nauyinsa kilo 79, yana cinye mita 100 a daƙiƙa 10.9, kuma shafukan da ke auna yara sun ba shi taurari uku cikin biyar. Matsakaicin makinsa na karatu 2.6 ne cikin 4.

Zuwa yanzu jami'o'i tara sun ce sun yi masa tayin tallafin karatu. Ɗaya daga cikinsu babba ce ƙwarai, tana cikin SEC, ɗaya daga cikin manyan rukunonin gasar jami'o'i, kuma ita ce ta tafi da hankalin yaron, har ya sa hotonsa sanye da rigarsu a Instagram. Sai dai tun ranar da kocinsu ya furta tayin ba su sake kiransa ba. Akwai kuma wata matsakaiciya wadda kocin masu tsaron bayanta yake kiran mahaifiyar kowane mako, ya je makarantar yaron da ƙafarsa, ya kuma gayyace su ziyara a watan Yuni da kuɗin jami'ar. Ban da waɗannan, wani mutum ya ɓullo yana cewa shi wakili ne, zai samo wa yaron kuɗin talla idan aka sa masa hannu a takarda.

Tambayata ita ce, wane tayi ne na gaskiya a cikin waɗannan, kuma da me ake gane shi? Shin taurari uku sun isa yaro ya sa rai da babbar jami'a? Mene ne makomar karatunsa idan ya ji rauni? Allah ya saka da alheri.

Malamin Samaru:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mamaci, ya raya abin da ya bari. Alhaji, na yi karatun digiri na uku a Amurka, kuma a lokacin na yi aikin koyar da darasin ƙari a cibiyar da jami'armu ta ware wa 'yan wasa, saboda haka na ga yadda yaran nan suke shigowa da yadda suke fita.

Abu na farko da za a fahimtar da mahaifiyar Sadik shi ne, tayin da koci ya yi da baki ba ya ɗaure kowa. Matsayinsa matsayin "na gani ina so" ne, wanda saurayi ɗaya zai iya kaiwa gidaje goma, alhali aure bai tabbata sai an shafa fatiha. Babbar jami'a takan yi wa ɗaruruwan yara irin wannan tayin a shekara ɗaya, bayan kuwa waɗanda za ta ɗauka daga sakandare ba su cika wuce 20 zuwa 30 ba, kuma masu tsaron gefe a cikinsu ba su fi biyu zuwa huɗu ba. Kocin yana da jeri a ofishinsa, ya san wane ne na ɗaya, wane ne na bakwai. Yana yi wa na bakwai tayi ne don kada wata jami'a ta riga shi idan na sama sun suɓuce. A tsakanin masu harkar har bambantawa suke yi tsakanin tayin da za a karɓa idan yaro ya ce ya amince yau, da tayin da idan ya ce ya amince za a ce masa ya dakata tukuna. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: kocin makarantarsu ya kira babbar jami'ar ya tambaye su kai tsaye, idan Sadik ya ba da alkawarinsa a wannan makon, za ku karɓa? Duk amsar da ba "e" ba ce, to "a'a" ce.

Alamomin so na gaskiya kuwa a fili suke, kuma duk sun bayyana a wajen matsakaiciyar jami'ar da ka ambata. Ziyarar da jami'a ke ɗaukar nauyinta, wadda ba ta wuce kwana biyu, ana biya wa yaro da iyayensa kuɗin jirgi da masauki da abinci, ba a yi wa kowa ita, domin kuɗi ne da lokaci. Da can yaro ziyara biyar kawai yake da ita, amma daga 2023 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta cire wannan iyaka, sai dai sau ɗaya ake zuwa kowace jami'a. Hoton da ya ɗauka da rigar babbar jami'ar ba shaida ba ne, domin yara da yawa da suka kai kansu da kuɗin iyayensu sun samu irinsa. Alama ta biyu ita ce tayi a rubuce, wanda doka ba ta yarda a aiko shi ba sai daga 1 ga Agusta na shekarar ƙarshe ta sakandare. Ta uku, wadda ita ce ɗaurin, ita ce sa hannu. Ana buɗe shi a Larabar farko ta Disamba na kwana uku, sannan a sake buɗewa a Larabar farko ta Fabrairu. Tsohuwar takardar alkawari da aka yi shekaru ana amfani da ita an soke ta a Oktoban 2024, yanzu yarjejeniyar tallafin karatu ce da kanta ake sa wa hannu. Kafin wannan rana, yaro na iya sauya ra'ayi, jami'a ma na iya janyewa. Travis Hunter, wanda shi ne yaro na ɗaya a duk ƙasar a ajinsa, ya daɗe da ba jami'ar Florida State alkawari, amma a ranar sa hannu ta Disamban 2021 ya koma Jackson State wajen Koci Deion Sanders. Idan yaro zai iya yin haka, ai jami'a ta fi shi iyawa, kuma nata ba ya fitowa a labarai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninka ba taurarin ba ne, makin nan ne na 2.6. Domin yaro ya buga wasa a rukuni na ɗaya, wato mataki mafi girma na wasannin jami'o'i, tun shekararsa ta farko, sai cibiyar tantancewa ta NCAA ta tabbatar ya ci darussa 16 na asali, irin su Turanci da lissafi da kimiyya da ilimin zamantakewa, da matsakaicin maki 2.3 ko sama. Tarkon yana nan: cibiyar ba ta lissafa darussan motsa jiki da makamantansu, waɗanda su ne sukan ɗaga makin ɗan wasa. Yaro mai 2.6 a takardar makaranta zai iya tarar da nasa na asali 2.2 ne. Sannan 10 daga cikin darussa 16 ɗin dole ne a kammala su kafin a shiga aji na 12, bakwai daga ciki a Turanci ko lissafi ko kimiyya. Wato lokacin gyara shi ne yanzu da hutun bazarar nan, ba baɗi ba. Tun 2023 NCAA ta daina neman sakamakon jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT, amma wasu jami'o'in suna nema don shigarsu. Mahaifiyar ta je wajen mai ba ɗalibai shawara a makarantar, ta nemi a lissafa mata makin darussan asali su kaɗai, ta kuma tabbatar an yi wa yaron rajista a cibiyar. Na ga yara masu baiwa da aka janye musu tayi a makon ƙarshe saboda darasin lissafi guda ɗaya na aji na 10.

Idan sun je ziyarar Yuni, kada su ɓata lokacin a kallon ɗakin sauya kaya da motocin da ake jerawa a fili don ɗaukar hoto. Su tambayi fannin da yaron yake so ya karanta, su ji ko jadawalin atisaye zai bar shi ya yi shi, domin a wurare da yawa ana karkata 'yan wasa zuwa fannoni masu sauƙi don kada karatu ya hana su fili. Ɗaliban da na koyar sukan tashi ɗaga ƙarfe tun ƙarfe shida na safe, su shiga aji, su yi taron kallon bidiyo, su yi atisaye, su iso wajena da daddare idanunsu na rufewa. Su tambayi ko tallafin na shekara ɗaya ne da ake sabuntawa ko na shekaru huɗu ne, kuma a nuna musu a rubuce. A cikin yara kimanin miliyan ɗaya da ke wannan wasa a sakandare, kusan 3 cikin 100 ne ke kaiwa rukuni na ɗaya, kuma a cikin 'yan jami'a da suka isa shiga zaɓen sabbin 'yan wasa na NFL, wato babbar gasar ƙwararru, ƙasa da 2 cikin 100 ake ɗauka. Digirin shi ne abin da ya fi kusa da tabbas a wannan ciniki.

Koci Ɗanlami, Sabon Gari:

Gaisuwa ga Alhaji da Malam. Ni guje-guje nake horarwa, amma na daɗe ina bin wannan wasa, ina hana idona barci saboda shi, tunda wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yammacin Juma'a a Texas ƙarfe ɗaya na dare ne a Zariya. Na yarda da Malam a kan batun takardu, amma ban yarda a sa yaron ya cire rai da babbar jami'a tun yanzu ba, kuma ga dalilina.

Taurarin nan ra'ayin 'yan jarida ne na shafuka irin su 247Sports da Rivals da ESPN, ba hukuncin kociyoyi ba ne. Shafin 247Sports yara 32 kacal yake ba taurari biyar a shekara, daidai da adadin waɗanda ake ɗauka a zagayen farko na zaɓen NFL, masu huɗu 'yan ɗaruruwa ne, masu uku kuwa sun fi dubu. Gaskiya ne mai biyar ya fi mai uku damar kaiwa ga NFL nesa ba kusa ba, kada kowa ya yaudari kansa. Amma a wannan gurbi na tsaron gefe ma'aunin yakan kuskure, domin yara da yawa jikinsu bai gama buɗewa ba a shekara 17. Ahmad Gardner, wanda ake kira Sauce, siririn yaro ne mai taurari uku daga Detroit, ya tafi Cincinnati, ya gama jami'a ba a ci maki ta kansa da jifa ba ko sau ɗaya, New York Jets suka ɗauke shi na huɗu a 2022. Devon Witherspoon ba shi da tauraro ko ɗaya, bai fara wasan sakandare ba sai a aji na 11, kuma har ya kama hanyar kwalejin shekara biyu kafin Illinois ta ɗauke shi, amma shi ne na biyar a zaɓen 2023. Quinyon Mitchell daga Toledo ya fito, jami'ar da ba ta cikin manya, Philadelphia Eagles suka ɗauke shi a zagayen farko a 2024. A ɗaya hannun ga Jeff Okudah, ɗan asalin Najeriya da ya tashi a Texas, taurari biyar, Ohio State, na uku a zaɓen 2020, sai raunuka suka yi ta dakushe shi tun shekarunsa na farko.

Abin da koci ke nema a mai tsaron gefe ba shi ne abin da ke sa 'yan kallo ihu ba. Cafe ƙwallo sau biyu a bidiyo yana da daɗi, amma shi kocin yana tsayar da hoton ne a daidai lokacin da yaro ya tashi daga ja da baya zuwa gudu gaba. Yana duban ƙugu: ya buɗe a taki ɗaya, ko sai da yaron ya miƙe tsaye ya ƙara taki biyu na banza? Yana duban ido: yana kan ƙugun mai karɓa, ko ya saci kallon mai jifa har aka wuce shi? Yana duban tsawon hannu, yana kuma duban ko yaron yana shiga ya kayar da mai gudu da ƙwallo ko kauce masa yake yi da dabara. Bayan haka sai ya nemi cikakken bidiyon wasa guda, ya ga yadda yaron ya yi a karon da ya biyo bayan an ci shi, domin babu mai tsaron gefen da ba a ci, kuma wanda ke ɗaukar haushin karo ɗaya zuwa na gaba ba ya daɗewa a wannan gurbi.

Daƙiƙa 10.9 a mita 100 jari ne babba, idan da na'ura aka auna. Kociyoyi sun fi yarda da lokacin gasar guje-guje a kan lokacin yadi 40 da aka ɗauka da agogon hannu, saboda agogon hannu yakan rage wa yaro kusan kashi biyu cikin goma na daƙiƙa, kuma kowane uba cewa yake ɗansa a daƙiƙa 4.4 yake cinye yadi 40. Noah Igbinoghene, ɗan Faith Idehen wadda ta ciyo wa Najeriya tagulla a gudun ba-ni-in-ba-ka a Barcelona a 1992, ya shiga Auburn ne a matsayin mai karɓar jifa kuma ɗan tsalle, aka mayar da shi tsaron gefe saboda gudunsa, shekara biyu kacal ya yi a gurbin Miami Dolphins suka ɗauke shi a zagayen farko a 2020.

Shawarata ita ce ya je sansanin gwaji na babbar jami'ar a watan Yuni, inda kocin zai tsaya a kansa ya gan shi yana karawa da yaran da ke sama da shi a jeri. A yini ɗaya zai san matsayinsa. Ya kuma je ziyarar matsakaiciyar. Idan manyan ba su motsa ba zuwa ƙarshen Yuli, ya ba matsakaiciyar alkawari kafin ta cike gurbinsa, domin su ma ba za su jira har abada ba. Tun da aka buɗe rajistar sauya sheƙa daga wata jami'a zuwa wata a 2018, aka kuma cire zaman jiran shekara ɗaya da mai sauya sheƙa ke yi kafin ya buga wasa a 2021, manyan jami'o'i sun koma ɗebo waɗanda suka riga suka nuna kansu a ƙananan jami'o'i. Wannan ya rage guraben 'yan sakandare, amma ya buɗe wata ƙofa: yaron da ya buga wasa shekara biyu a matsakaiciya ya fi wanda ya zauna a benci a babba daraja a kasuwa.

Maman Ilham, Gyallesu:

Baffa, Allah ya ba ka ladan riƙon zumunci. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma tambayarka ta ƙarshe ce ta tsayar da ni, domin na ga maza sun wuce ta da sauri.

Mai tsaron baya yana daga cikin marasa nauyi a fili, amma yakan taho da cikakken gudu ya yi karo da wanda ya fi shi kilo 20 ko 30. Tsagewar jijiyar gwiwa da gocewar kafaɗa ana ɗinke su, bugun ƙwaƙwalwa kuwa taruwa yake yi. A 2017 masu bincike na jami'ar Boston sun duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasan NFL 111 da suka rasu, suka sami cutar lalacewar ƙwaƙwalwa ta CTE a 110. Iyalan da suka ba da ƙwaƙwalen galibi waɗanda suka ga alamun ciwo ne, saboda haka adadin ba ya wakiltar kowa, amma ya isa ya sa uwa ta yi tambaya. Husain Abdullah, Musulmi mai tsaron baya, wanda shi da yayansa Hamza suka ajiye kakar 2012 gaba ɗaya suka tafi aikin Hajji, ya bar wasa a 2016 yana ɗan shekara 30 bayan bugun kai na biyar, ya ce yana so ya tsira da hankalinsa.

Mahaifiyar Sadik ta nemi ganin likitan ƙungiyar ita kaɗai, ba tare da koci a ɗakin ba. Ta tambaye shi wa ke da ikon cewa yaro ya koma fili bayan bugun kai, shi ko koci. Ta tambayi yara nawa suka bar wasa saboda rauni a 'yan shekarun nan, kuma nawa daga cikinsu suka kammala digiri a nan. Daga Agustan 2024 dokar NCAA ta wajabta wa jami'o'in rukuni na ɗaya kada su soke tallafin yaro saboda rauni ko gazawa a fili, su kuma ci gaba da ɗaukar nauyin jinyar raunin wasa na aƙalla shekara biyu bayan ya bar makaranta. Doka ce mai kyau, amma akwai hanyar da ake bi a gefenta: a kira yaro a ce masa ba shi da makoma a nan, gara ya shiga rajistar sauya sheƙa, shi kuma da ya shiga da kansa tallafin na iya tafiya, kuma ba kowa ke samun sabon wuri ba.

Sai batun addini, wanda bai kamata a ji nauyin tayar da shi ba. A tambaya ko akwai masallaci ko ƙungiyar ɗalibai Musulmi a garin, ko ɗakin cin abincin 'yan wasa yana tanadar halal, da yadda suke yi da mai azumi, tunda a 'yan shekarun nan Ramadan yana faɗowa ne a kusa da atisayen bazara. Shi wannan Husain ɗin an taɓa hukunta shi a 2014 don ya yi sujada bayan ya cafe jifar fitaccen mai jifa Tom Brady ya ci maki, washegari NFL ta fito ta ce alƙalan sun yi kuskure. Yadda koci ya amsa irin wannan tambayar zai nuna wa uwar irin mutumin da za ta damƙa wa ɗanta.

Baffan Sadik, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tura wa mahaifiyarsa bayananku, ta ce ranar Litinin za ta je makarantar a kan batun makin. Saura abu biyu. Babu wanda ya taɓo maganar mutumin da ke cewa shi wakili ne, kuma jiya ya sake kiranta yana cewa ana asarar kuɗi. Na biyu, ɗana na cikina, wanda ke SS1 a nan Zariya, tunda ya ga abin da ke faruwa da ɗan'uwansa ya hana ni sakat, wai shi ma a nema masa hanya, kuma wani a Facebook ya ce zai haɗa shi da makaranta a Amurka idan aka biya kuɗin rajista.

Malamin Samaru:

Alhaji, kuɗin da wakilin yake magana a kai gaskiya ne akwai shi, amma gaggawar tasa ce, ba ta Sadik ba. Daga 1 ga Yulin 2021 aka halatta wa 'yan wasan jami'a karɓar kuɗi a kan sunansu da hotonsu. A Yunin 2025 kuma wata kotun tarayya ta amince da sulhun shari'ar House da 'yan wasa suka kai NCAA, wanda ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko, ya kuma maye tsohuwar iyakar tallafi 85 da iyakar 'yan wasa 105 a ƙungiya. Mafi yawan wannan kuɗi ƙwallon Amurka ke tafiya da shi, amma a cikin ƙungiyar ma masu jifa da fitattun da aka ɗebo daga wasu jami'o'i ke kwashe kaso mai tsoka. Sabon shiga mai taurari uku abin da zai samu bai kai yadda ake zuzutawa ba, kuma jami'ar da kanta za ta faɗi adadin idan an zauna, ba sai da ɗan tsakiya ba.

Wakilan 'yan wasan NFL ƙungiyar 'yan wasa ce ke ba su lasisi, kuma ladansu ba ya wuce kashi 3 cikin 100 na kwantiragi. Masu bin yaran sakandare babu wannan linzami a kansu, wasu suna neman ninkin haka sau biyar ko fiye, wasu kuma suna cusa sharaɗin da zai ba su kaso a duk abin da yaro zai samu har bayan ya zama ƙwararre. Kada ta sa hannu a komai sai lauya mai lasisi a Texas ya karanta, ya duba tsawon wa'adin, da kason, da yadda ake fita. Ta kuma tambayi daraktan wasanni na makarantarsu kafin yaron ya karɓi ko dala ɗaya, domin dokar wasannin sakandare ta jiha daban take da ta jami'a, kuma kuskure a nan zai iya cinye masa kakarsa ta ƙarshe, wadda ita ce kociyoyi ke jira su gani.

Game da ɗanka, hanyarsa ba irin ta Sadik ba ce. Sadik ɗan ƙasa ne, naka kuwa da bizar ɗalibi zai shiga, wadda samunta ya ƙara wuya ga 'yan Najeriya, kuma tana taƙaita aikin da ɗalibi zai yi don kuɗi, har da yawancin kuɗin tallan nan. Shirye-shiryen da ake da su na gaskiya sanannu ne. NFL tana da shirin ɗauko 'yan wasa daga ƙasashen waje tun 2017, tana da makarantar horo a Loughborough ta Ingila, kuma ta yi sansanonin gwaji a Gana a 2022, a Kenya a 2023, a Legas a 2024, da jagorancin Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan NFL ɗan asalin Najeriya. Waɗanda suka fi fitowa ta nan manyan ƙarti ne masu tsawon ƙafa 6 da rabi da nauyin da ya haura kilo 120, saboda girman jiki ba a koyar da shi, sauran kuma ana iya koyarwa. Tsaron gefe akasin haka ne, sana'a ce ta ido da taki da yara ke fara koya tun suna firamare, shi ya sa 'yan Najeriyar da suka yi suna a gurbin, irin su Nnamdi Asomugha da Prince Amukamara da Chidobe Awuzie, duk a Amurka aka haife su.

Zariya tana da tata hanyar da aka riga aka taka, amma ta ƙwallon kwando ce. Masai Ujiri a garin nan ya tashi, a hannun Koci Oliver Johnson ya koyi wasa, ta kwalejin shekara biyu a jihar North Dakota ya bi, kafin ya zama shugaban Toronto Raptors da suka ci kofin NBA a 2019. Akwai kuma nau'in ƙwallon Amurka marar karo, wanda ake zare ƙyalle daga ƙugu maimakon kayarwa, an sa shi a gasar Olamfik ta Los Angeles ta 2028, kuma Najeriya tana da ƙungiyar ƙasa a cikinsa.

Mutumin Facebook kuwa a rabu da shi. Koci na gaskiya ba ya karɓar kuɗi don ya kalli bidiyon yaro, kuma kuɗin rajistar cibiyar NCAA a shafinta ake biya kai tsaye, ba ta asusun wani ba. Yaron ya riƙe karatunsa, a adana takardun sakamakonsa na kowane zango tun daga JS3 tare da WAEC idan ya yi, domin za a neme su. Sannan ka kai shi wajen Koci Ɗanlami ya auna tsawonsa da nauyinsa da gudunsa na mita 100 kafin a kashe ko kwabo.